Ramin da Muka Haƙa wa Yaya

Mahaifiyata da yayarta ciki ɗaya suka fito, a wani ƙauye da ke bayan Gozaki, amma ba hanya ɗaya suka bi ba. Iyayensu ba sa salla, ba sa zuwa coci, noma suka sani da abin da suka gada. Da 'yan matan suka girma, babbar ta auri wani mutum mai zuwa majami'a ta bi shi, ƙaramar kuma, wato uwata, ta auri mahaifina a Funtua ta musulunta. Mu 'ya'ya Inna muke ce wa uwarmu. Yayar tata kuwa Yaya muke ce mata, domin haka muka buɗi ido muka ji Inna na kiranta, har muka fara furfura ba wanda ya gyara mana.

Ban taɓa jin sun yi gardamar addini ba. Gardamarsu ta daddawa ce, da wadda ta fi iya tuƙa tuwo, da wadda ta riga zubar da haƙori. In Salla ta zo, Yaya kan hawo mashin ɗin haya da zakara a hammata, da ransa, ta miƙa wa mahaifina ya yanka. In Kirsimeti ta zo, takan aika a kirawo wani maƙwabcinta musulmi ya yi mata yanka, don mu ci hankalinmu kwance. Ni a wurina addininta bai wuce abu biyu ba: ranar Lahadi da safe ba a samunta a gida, kuma kafin ta ci abinci takan rufe ido ta yi ƙus-ƙus. Maganar mutuwa kuwa ba ta taɓa haɗa su ba, ko kuma ta haɗa su ban ji ba.

Yaya ta rasu a ƙarshen damina, masara ta yi goyo har gashinta ya fara bushewa. Da safe aka kira ni a waya ina buɗe shagona, inda nake sayar da iri da maganin feshi. Kafin in isa gida Inna ta riga ta yafa mayafi tana tsaye a zaure, riƙe da ƙullin farin yadin da ta daɗe da ajiyewa don kanta. Ta ce in yi sauri kada a kai ta ba mu je ba. Ni ma abin da ke raina ke nan, domin a wurinmu wanda ya rasu da safe kafin azahar ya kwanta a makwancinsa, na nesa su zo su tarar da zaman makoki. Na dinga taka tsohuwar motata tana faɗawa ramuka, Inna na cewa in ƙara.

Muka isa muka tarar da gida cike da mata suna waƙa, amma babu Yaya. Ɗakinta a share, katifarta a jingine da bango. Aka ce mana ai tun da sassafe aka ɗauke ta aka kai ta mutuware, ɗakin sanyin da ake ajiye gawa a asibitin Funtua, za a ajiye ta har babban ɗanta ya samu zuwa. Ashe a hanya muka yi saɓani da ita, mu muna gudu zuwa wurinta, ita ana kai ta garin da muka baro. Inna ta tsaya a tsakar gida da ƙullinta ta ce, "To yaushe za a rufe ta?" Aka ce sai an ji daga Soja. Ta ce, "Gobe ke nan?" Wata mata ta kama hannunta ta zaunar da ita, ta ce ta yi haƙuri, sai dai mako mai zuwa ko na bayansa.

Soja shi ne ɗan Yaya na fari. Ya girme ni kaɗan, tare muka yi kiwon awaki in an kai ni ƙauye hutu, kuma tun da ya shiga aikin soja sunansa ya ɓace a bakin dangi. A lokacin yana can arewa maso gabas, inda mutum ba ya tahowa don ya ga dama. Na fahimci uzurinsa, amma ba zan ɓoye ba, abin ya ba ni haushi. Tsohuwa ta gama wahalar duniya, sai kuma a ƙara mata da ta jira a cikin sanyi, matar da ko da zafin bazara sai ta ɗumama ruwan wanka.

Inna kuwa ba haushi ta ji ba, tsoro ta ji. Muka dawo Funtua ta daina cin abincin kirki. A gidanmu ni ne malam, ba don na sani ba, sai don na yi 'yan shekaru a Islamiyyar manya kuma ina da gemu. Saboda haka ni ta tsare. Wata safiya na shiga gaishe ta, ko amsawa ba ta gama yi ba ta ce, "Kai da ka yi karatu, yanzu an yi mata tambayar ko ba a yi ba?"

Mun taso da sanin cewa in an rufe mutum, mala'iku biyu za su zo su tayar da shi zaune, su tambaye shi wane ne Ubangijinsa, mene ne addininsa, wane ne annabinsa. Wanda ya amsa daidai a yalwata masa kabarinsa ya yi barci mai daɗi, wanda ya kasa ƙasa ta matse shi. Inna ta san amsoshin nan kamar sunayen 'ya'yanta. Abin da ya hana ta sakat shi ne Yaya ba ta san su ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata za a tambaye ta. Ta ce, "Duk surutun nan da muke yi ni da ita, na daddawa da na jikoki, ban taɓa ce mata ga abin da ke gabanta ba. Za su zo mata tana ita kaɗai, ba ta san ko su wane ne ba."

Sai na tafi wurin limamin unguwarmu. Ya saurare ni yana jan carbi, ya ce zumunci wajibi ne, in je in taimaka a rufe ta, in yi wa 'ya'yanta ta'aziyya. Roƙa mata gafara kuwa, ya ce wannan ba a ba mu izini ba, in bar lamarinta ga Wanda ya halicce ta. Na ce to tambayar fa, a mutuware take riskar mutum ko sai an sa shi a rami? Ya ce a nan malamai sun yi saɓani. Na dawo gida na haɗiye rabin maganar, na ba Inna ta ƙarshen kawai. Ta ce, "Wato su ma ba su sani ba." Na ce ba haka ake faɗa ba. Ta ce ita dai haka ta ji.

Da Soja ya samu izini aka tsayar da rana, Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Ba mu wanke ta ba, ba mu sa mata likkafani ba, ba za mu sallace ta ba. To ramin dai kai za ka haƙa mata. Wanga shi ne namu." Na kira Soja na gaya masa. Ya ce, "Malam, ai uwarka ce kai ma. Haƙa." Ya ce a bayan gidanta ta ce a sa ta, a bakin gonarta, kuma samarin majami'a dama aiki ya yi musu yawa. Ba wanda ya ƙara mini ko kalma ɗaya, ni kuma ban ga abin tambaya ba. Na haƙa kaburbura ba adadi a maƙabartar unguwarmu. Na san Kirista a akwati ake ɗaukarsu, kowa ya san wannan, amma ban taɓa tsayawa na ga ƙarshen abin ba. A zatona akwatin makara ce irin tasu, a ɗauko mutum a ciki, a bakin rami a fito da shi, a mayar da akwati majami'a ya jira na gaba.

A wurinmu da karan dawa ake auna mamaci a kai wa masu haƙa, ga shi mamaciyar tana kulle a mutuware. Inna ta ce in zaro kara mai tsawo daga cikin na hura wuta. Ta tashi ta jingina da bango, ta miƙe iya miƙewarta, ta ce, "Auna ni. Tsawonmu ɗaya, sai dai ka ƙara yatsa biyu, ta ɗara ni kaɗan." Na ce ba zan yi ba. Ta ce in ba zan yi ba ta aika a kawo tef ɗin tela, duk ɗaya ne. Haka na auna uwata da kara tana da rai tana kallona, na karya shi a inda ta ce. Ta ce in daina ɓata fuska, ba nata ba ne tukuna.

Ranar rufewa muka fita bayan sallar asuba, ni da maƙwabtana biyu da muka saba haƙa tare. Ɗaya direba ne marar yawan magana, ɗayan kuma dattijo ne tela, wanda ba a rufe gawa a unguwarmu ba ya wurin, kuma ba a rufe ta bai yi wa wani gyara ba. Mun tarar da mazan gidan wasu sun tafi ɗauko gawa, wasu suna kafa rumfuna a filin majami'a. Wani tsoho ya raka mu bayan gida, ya nuna mana wuri da sandarsa tsakanin wata ɗorawa da rumbun Yaya, ya yi mana sannu ya koma.

Muka duba gabas, muka ja layi daga kudu zuwa arewa, yadda in an kwantar da ita a gefenta na dama, kai a kudu, fuskarta za ta kalli alƙibla. Ƙasar ta sha ruwa, diga na shiga ba gardama. Muka fitar da babban ramin, sannan muka haƙa siririn a tsakiyarsa, daidai mutum ya kwanta a kaikaice. Muka saro itatuwan rufewa muka jera a gefe, muka tara ganye, muka kwaɓa laka. Tela ya bi bangon ramin da bayan shebur yana gogewa har ya yi sumul. Na ajiye karan a ciki ya zauna cif. Gaskiya na ji daɗi a raina, na ce ko ba komai Yaya ta samu wuri mai kyau daga hannunmu. Muka wanke hannu muka zauna a gindin ɗorawa, muna jiyo waƙa daga majami'a ana ta yi ba a da niyyar gamawa.

Sai bayan azahar suka taho. Matan zumunta na majami'a ne a gaba da zannuwansu iri ɗaya, suna waƙa suna kaɗa caki, bayansu samari ɗauke da wani farin akwati mai hannaye masu ƙyalli, faɗinsa ya kusa na ƙyauren ɗaki. Soja ya ratso jama'a ya zo ya rungume ni. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Ya leƙa ramin, ya dube ni, ya sake leƙawa.

Ya ce, "Malam, wannan na wane ne?"

Na ce, "Na Yaya mana."

"To ta ina akwatin zai shiga?"

Na ce, "Akwatin shiga zai yi?"

Na gaba suka yi tsit, na baya da ba su ga komai ba suna ta rera waƙarsu. Samarin suka tsaya da akwati a kafaɗa suna kallon siririn ramin, wani ya fara murmushi ya danne. Ni kuwa na ji kunya, na kuma ji haushi, don a cikin dukan mutanen nan ba a samu ɗaya da ya ce mini ga yadda ake yi ba.

Faston ya matso. Gajeren mutum ne, Bahaushen yankin, mai sanyin murya. Ya fara da yi mana godiya, ya ce aiki ya yi kyau, Allah ya saka. Sannan ya ce sai dai akwai gyara biyu. Na farko faɗi, wannan kowa ya gani. Na biyu kuma, ya ce, "Mu a rigingine muke kwantar da ita, kai a yamma, ƙafafu a gabas. Ranar da aka busa ƙaho Almasihu ya bayyana daga gabas, in ta tashi fuskarta tana kallonsa."

Tela ya ce, "Ai mu ma gabas ɗin muka fuskantar da ita."

Fasto ya ce, "Gabas ɗin ce, Baba, amma ba ta haka ba."

Tela ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Ikon Allah. Gabas ɗin iri biyu ce?"

Aka duba a sake sabon wuri, babu hali, nan saiwar ɗorawa, can gindin rumbu, gaba kuma masarar da ba a karya ba. Sai aka ce a yanka sabon ramin a kan tsohon, daga yamma zuwa gabas. Aka ɗora akwatin a kan benci biyu a inuwa, mata suka zagaye shi suka ci gaba da waƙa. Samari suka tuɓe takalman zuwa coci suka karɓi shebur. Soja ya cire babbar rigarsa ya diro cikin ramin, muka sa diga tare kamar lokacin da muke haƙa gyaɗa a gonar nan.

Maganar faston ta tsaya mini a rai, har na kasa riƙe ta. Na ce wa Soja, "Ashe ku ma ana busa ƙaho?"

Ya ce, "Ana busawa."

"Matattu su tashi da jikinsu?"

"Da jikinsu."

"A tara kowa a yi hisabi?"

"A yi shari'a, i."

Na ce, "To a ina muka rabu?"

Ya tsaya ya share goshi ya ce, "A kan wanda zai zo ɗin." Ya ce su a wurinsu Almasihu ya mutu, aka sa shi a kabari, ya tashi, kuma tashin nan nasa shi ne ya buɗe wa kowa ƙofar tashi. Na ce mu kuwa an karantar da mu bai mutu ba sam, ɗauke shi aka yi, zai sauko ya yi zamaninsa, sannan ya mutu a rufe shi kamar kowa. Soja ya ce, "Wato wanda mu muke cewa ya gama da mutuwa, ku a wurinku ko fara ta bai yi ba." Na ce haka ne. Muka ci gaba da haƙa, kowa yana juya abin a kansa.

Can na sake cewa, na jiyo ana waƙar wai ta tafi gida wurin Ubangiji, ga shi kuma fasto ya ce barci za ta yi har a busa ƙaho, wanne ne a ciki? Ya ce duka biyun, jiki ke barci, rai ya riga ya isa gida. Na ce in ta riga ta isa, shari'ar ta mece ce kuma? Ya ce, "Ku fa? In tun a kabari an yalwata wa mutum ko an matse shi, ai ya riga ya san matsayinsa. Awon ranar ƙarshe na mene ne?" Na buɗe baki, ina da amsa, an ba mu ita a Islamiyya. Amma da na jera ta a raina sai na ji ta yi kama da tasa, har na rasa ko zan yi murna da hakan ko in tsorata. Tela ya leƙo daga sama ya ce, "Malamai, ku yi haƙa, tsohuwa na jira."

Da muka gama muka fito, Tela ya ja hannun rigata gefe ya ce a hankali, "Malam, dubi abin da muka zana." Na duba. Sabon ramin ya ratsa tsohon ta tsakiya, ga hannu ta kudu, ga hannu ta arewa, gicciye sak a cikin jar ƙasa, kuma rabinsa mu muka haƙa da bisimilla. Tela ya yi a'uziyya, sai kuma dariya ta kama shi, ya tusa fuska cikin hularsa kafaɗunsa na rawa. Wata tsohuwa cikin matan zumunta ta hango ta ɗaga hannu sama ta ce alama ce. Fasto bai ce alama ce ba, bai ce ba ita ba ce, ya dai ce a cike hannayen biyu da ƙasa a daddanne kada gefe ya rufta.

A nan ne na ga Inna. A wurinmu mata ba sa bin gawa maƙabarta. An ɗauki mijinta, an ɗauki 'ya'yanta da suka rasu suna ƙanana, duk a zaure ta rabu da su, ba ta taɓa ganin inda aka sa ko ɗaya ba. Ga ta yau a bakin rami cikin matan zumunta, ita kaɗai da mayafi, tana leƙa zurfinsa kamar mai duba rijiya.

Aka buɗe akwatin don dangi su yi kallon ƙarshe. An sa wa Yaya zanen zumuntarsu da farar riga, an ɗaura mata ɗankwali, har hoda an shafa mata. Ni da na saba da farin yadi kawai, sai na ga kamar za ta biki. Inna ta daɗe tana kallonta, ta gyara mata bakin ɗankwalin. Da kafinta ya matso da guduma da ƙusoshi, sai ta ɗora hannu a kan murfin ta dubi Soja.

Ta ce, "Ɗan nan, kada a buga. In an buga yaya za ta tashi zaune ta amsa?"

Soja ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, Mama ba ta da tambayar da za ta amsa. An riga an amsa mata."

"Wa ya amsa mata?"

"Almasihu. Shi ya tsaya mata."

Inna ta girgiza kai ta ce, "Ba a amsa wa mutum a can. Kowa da bakinshi."

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ma ba da faɗa ya faɗa ba. Kowannensu tausayin ɗayan yake ji, ita tana ganin yaro ne da bai san abin da ke jiran uwarsa ba, shi yana ganin tsohuwa ce da ke tsoron abin da babu. Ni ina tsaye a tsakaninsu da laka har gwiwa, na san ɓangaren da nake. Soja ya dubi fasto, fasto ya sunkuyar da kai. Sai Soja ya ce wa kafinta ya mayar da gudumarsa. Aka ɗora murfin haka nan, aka zura akwatin da igiya, aka yi addu'a, kowa ya jefa ƙasa da hannunsa. Itatuwanmu da lakarmu suna gefe ba wanda ya taɓa su.

Jama'a suka watse zuwa rumfuna. Can aka fara rabon shinkafa, waƙa ta juye ta koma ta murna har da ganga, domin su a wurinsu tsohuwa ta isa gida. Tela da direba suka tafi neman ruwan alwala. Inna ta zauna a ƙasa a gefen tudun kabarin. Na ce mu tafi, ta yi kamar ba ta ji ba. Ta sunkuya ta kai bakinta kusa da ƙasa, ta yi magana da irin muryar da suke hira in suna tsince shinkafa.

Ta ce, "Yaya, ni ce. Za su zo su biyu, kada ki firgita. In sun ce wane ne Ubangijinki, ki ce Allah. Wanga kin sani."

Sannan ta ɗago ta dube ni ta ce, "Na biyun fa? Mi zan ce mata ta ce?"

Na san amsata, na san ta Inna. Amma in Yaya ta faɗi tamu ta yi ƙarya a cikin kabari, in kuma ta faɗi tata, na san abin da aka karantar da ni. Na juya ta ko'ina ban samu mafita ba. Na ce, "Inna, ban sani ba." Ta kalle ni, ba ta yi mini gorin gemu ba. Ta koma ta sunkuya ta ce, "Sauran ki faɗi abin da kika sani, Yaya. Ke dai ba ki iya ƙarya ba."

Na zaci shi ke nan, amma ba ta tashi ba. Soja ya zo da kwanon abinci ya ce, "Inna, Mama ba ta nan, tana wurin Uba. Zo ki ci wani abu." Ta ce ya je tana zuwa. Ya dube ni, na dube shi, ya ajiye kwanon a gindin ɗorawa ya koma wurin baƙinsa. Rana ta yi sanyi, hadari ya fara haɗowa ta gabas. Na ce, "Inna, me muke jira?"

Ta ce, "Ba kai ka karanta mana ba, cewa mamaci na jin ƙarar takalman mutane in sun juya sun tafi, sannan mala'ikun su zo mashi? To ni ban juya ba tukuna."

Sai a lokacin na gane zaman me take yi. Tare wa mala'ikun hanya take yi, muddin tana nan ba za a fara tambayar ba. Ban san ko haka abin yake ba, ban ma san ko ana cikin yi ko an daɗe da gamawa ko kuma, kamar yadda Soja ya ce, babu shi gaba ɗaya. Na zauna kusa da ita a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ganga na tashi daga can, ganyen masara na motsi a bayanmu. Mun daɗe a haka. Da na ga rana ta yi ja, na ce mata a hankali, "Inna, la'asar za ta wuce mu."

Wannan ce kaɗai ta motsa ta. Ta dubi rana, ta dubi kabarin, ta dafa kafaɗata ta miƙe da ƙyar. Sai ta sunkuya ta zare silifanta ta riƙe a hannu, ta nuna ƙafafuna da baki. Na cire nawa. Ta wuce gaba tana ɗora ƙafa a hankali kamar mai fita daga ɗakin da jariri ke barci, ni ina bin ta, ƙaya na sukata ban ce uffan ba. Sai da muka wuce rumbu muka sha kwanar gida ta bari na sa takalmina.